Rabin Kitson da Gwaggo Ta Bari

Duk wanda ya shigo gidanmu ranar da Gwaggo ta rasu, da tambaya ya shigo, ba da gaisuwa ba. Matar limamin unguwarmu ta tsaya a bakin zaure tana ce mini, "Wace Gwaggon?" alhali Gwaggo ɗaya ce a gidan nan tun kafin a haife ni. Na ce mata wadda kika sani. Ta ce, "Haba Malama, ba ita ce ta leƙo ɗazu da hantsi ta ce daddawata ba ta yi ba?" Na ce ita ce. Sai ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da sabon mayafinta da komai. Sai da wata ta taɓa kafaɗarta sannan ta tuna ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Mai kayan miyan da ke zama a Ƙofar Kuyambana ya iso da tattasai a leda, sautun da Gwaggo ta ba shi da safe. Ya tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya tsaya ya rasa wanda zai miƙa wa, har aka fito da makara ledar tana hannunsa, haka kuma ya bi jama'a da ita. Maigidana, wanda Gwaggo ta raina tun yana goye, ya dawo daga ofis a guje. Ya shiga ɗakinta ya fito, ya sake shiga ya fito, yana cewa a nemo likita, alhali an riga an lulluɓe ta.

Ba wanda ya taɓa jin Gwaggo ta ce wayyo kaina. Tsohuwa ce, ba musu, amma irin tsofaffin nan ce da mutane ke mantawa za su mutu, saboda kullum suna tsaye a kan wani suna yi masa faɗa. Ni kaina har yau in na ji an ja takalmi a tsakar gida, sai in gyara ɗaurin ɗankwalina kafin in tuna ba ta nan.

A cikin gida kuwa mata sun cika rumfa suna raɗa. Wata ta ce, "Wai a hannun yarinyar ta cika?" Wata ta ce, "A'a, yarinyar ce a hannunta." Sai duk suka juya suna kallon 'yata. Tana zaune a ƙurya, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe, gashin ya tashi tsaye. Duk wadda ta matso da ɗankwali ko mataji, sai yarinyar ta rufe kanta da hannu biyu.

Sunan Gwaggo aka sa wa 'yar tawa, don haka Takwara take kiranta, gidan duka ma haka muke kiranta. Shekararta tara, kuma tana da ciwon suga, irin wanda ke kama yara, wanda ba ya jin magani sai allurar insulin kullum. Daga ranar rasuwar sugan jininta ya hau ya ƙi sauka. Likitarta ta ce mana ta waya in ya ci gaba a haka, ko ta fara amai, mu kawo ta nan take a ba ta gado. Ga shi damina ta kama, kuma duk gidan mun san abin da hadari ke yi wa jinin yarinyar nan. Mutum ɗaya ce ta iya da wannan, ita ce kuma aka fita da ita a makara. Ina so a san yadda aka yi, don kada wata rana a ce Gwaggo mafaɗaciyar tsohuwa ce mai alkaki, a tsaya nan.

Gwaggo yayar mahaifin maigidana ce. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta a nan cikin birni ta zauna. Ni daga Gyallesu aka kawo ni, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma tun ranar da na tare ta laƙaba mini Malama, ba don girmamawa ba. Takan kama hannuna ta juya shi ta ce, "Wannan in ban da alli ba abin da ya iya riƙewa." Ranar da na fara gwada yi wa Takwara kitso, ta zo ta tsaya a kanmu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan kitso ne, ko akuya ce ta bi ta kan?" Daga ranar na ajiye, ban sake ba. Na ji haushi sosai, amma da na sake duban kan, ban ga abin musu ba.

Tana da wata kalma da kowa ya san ta da ita: "Ni ba ruwana." In aka ce matar wane na naƙuda, ba ruwanta. In aka ce an yi gobara a lungun baya, ba ruwanta. Kafin a rufe baki kuma ta yafa mayafi, in ka isa wurin za ka tarar da ita tana ba da umarni. Yaran unguwa har kwaikwayonta suke yi a bayan idonta.

Sana'arta kayan gara. Alkaki, nakiya, dubulan, duk amaryar da aka kai a wannan ɓangare na birni da wuya ba hannun Gwaggo a kwallayenta. In ana biki gidanmu kan kwana ya wuni yana ƙamshin mai da suga, kuma Takwara tun tana rarrafe take zama gefen kasko tana jiran gutsure. Gwaggo ce ta fara lura yarinyar tana ramewa, tana shan ruwa kamar ba gobe. Ita ce ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini kiyashi sun taru inda yarinyar ta yi fitsari. Da muka dawo daga asibiti da sunan ciwon da kwalbar allura, ta taɓe baki ta ce ita ba ruwanta da ciwon 'yan boko.

Ba a yi sati ba na ga ana fita da babban kaskonta da kwallayenta zuwa gidan wata maƙwabciya. Ta ce wa mutane bayanta ne ya gaji da tsuguno. Ƙarya ce, bayan Gwaggo ya fi nawa lafiya. Sai da na matsa mata ta ce, "Zan soya abu a gidan nan takwarata tana jin ƙamshi tana haɗiyar yawu? Ke dai Malama ba ki da tunani." Sana'ar da ta ci da ita tun tana budurwa ke nan, ba ta sake kusantar kasko ba. Randarta ta ruwan sanyi ma ta ba mu, aka kafa ta a jiƙaƙƙen yashi a ɗakinmu muna ajiye allurar a ciki, tunda wuta ba abin dogaro ba ce. Da aka gaya mata sugan yakan faɗi ƙasa wani lokaci har yaro ya suma, sai ta ƙulle dabino a bakin zanenta. Ko masallacin Idi za ta, da ƙullin take tafiya.

Daminar bara waccan aka yi ambaliyar. An jera kwanaki ana ruwa, ƙasa ta ƙoshi, kududdufin bayan gidanmu ya cika ya fara tumbatsa. Ranar, bayan la'asar, ina madafa, Takwara tana ɗakinmu tana aikin makaranta. Na ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Da na fito, katangar bayan ɗakin ta zube, rufin ya rufta gefe guda, ruwan kududdufi yana shigowa tsakar gida ja wur. Na tsaya ina ihu. Gwaggo kuwa tuni tana cikin ruwa har gwiwa, tana janye azara da hannunta tana kiran, "Takwara! Amsa mini, 'yar banza, amsa mini!" Ta zaro ta daga bayan ƙyaure, inda Allah ya sa azara biyu suka gitta suka yi mata rumfa. Ko ƙwarzane ba ta samu ba sai a gwiwa.

Gidaje da dama sun zube a unguwar a wannan yammaci, a wani gida can gaba har an rasa rai. Mu randa ce ta fashe, allurar ta bi ruwa, kuma washegari da safe maigidana ya samo wata. Muka tattara muka koma ɗakin Gwaggo da zaure kafin a yi gyara. Muka yi ta godiya ga Allah, muna ganin abin ya wuce.

Ashe a jikin yarinyar bai wuce ba. Abincinta shi ne na da, allurarta ita ce ta da, amma duk lokacin da na ɗiga jininta a ɗan mashin ɗin gwaji, sai lambar sugan ta fito can sama. Ta daina barcin kirki. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tuntuni. Da gabas ta yi duhu, sai ta je ta rungume ginshiƙin rumfa tana kyarma, ba ta shiga ɗaki ba ta fita waje. Ni kuwa lambar kawai nake kallo, ina cewa lallai akwai mai ba ta wani abu a ɓoye.

Kuma akwai. Wata rana na ɗaga labulen Gwaggo na tarar ta kafa wa yarinyar ƙoƙo a baki.

Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Ta ce, "Rubutun firgita ne. Liman ya yi mata. Ko shi ma likitanku ya hana?"

Na karɓi ƙoƙon na sansana. Na ce, "Zuma nake ji."

Ta ce, "To, sai aka yi yaya? Zuma suga ce? Suga a kwali yake zuwa daga kanti. Zuma kuwa waraka ce, tun kakanninmu da ita ake wanke allo."

Na ce, "Tun yaushe kike ba ta?"

Ta ce, "Tun da ginin ya faɗi. Ke kina kallon mashin, ni ina kallon yarinya. Firgita ce ke cin ta."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce mata za ta kashe mini 'ya da hannunta. Ta dube ni, ta karɓe ƙoƙonta, ta zubar da sauran a bakin ƙofa, ta saki labule. Daga nan ta daina yi mini magana, in tana son wani abu sai ta ce wa maigidana, "Gaya wa matarka." Shi kuma ya rasa inda zai sa kansa, ya koma daɗewa a masallaci. Har yau ban janye maganar zuma ba. Zuma suga ce, ko Gwaggo ta dawo yau zan maimaita mata, ita ma kuma na san abin da za ta ce mini.

An daina zumar, lambar ta sauko kaɗan, amma ta tsaya a sama ta ƙi komawa inda take a da. Ranar da za mu koma asibiti, muna fitowa muka tarar da Gwaggo a zaure da mayafinta da takalminta. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ce wa bango, "Ni ba ruwana, iska zan sha," ta riga mu shiga napep.

Likitar, wata matashiya mai sanyin murya, ta saurare ni har na gama. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zuma tana ɗaga suga kamar yadda sugan kanti ke yi. A daina gaba ɗaya." Na juya na kalli Gwaggo, ita kuma ta kalli silin. Sai likitar ta tambaya ko wani abu ya faru a gida kwanan nan. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta karɓe. Ta ba ta labarin katangar, da rungumar ginshiƙi, da fitsarin kwance, da wasu abubuwan da ni uwar ban ma sani ba, kamar yadda yarinyar ke tashi ta shafa bango ta ji ko ya jiƙe.

Likitar ta ajiye biro. Ta ce in mutum ya firgita, jikinsa da kansa yakan sako sugan da ya adana zuwa cikin jini, don ya samu ƙarfin gudu. Mai lafiya, in tsoron ya wuce, jikinsa yakan janye shi. Jikin Takwara ba ya iya janyewa. Yaron da ke wuni cikin fargaba, ga rashin barci, kamar ana ba shi suga ne daga ciki, ko da bai sa komai a baki ba. Ta ce za ta ƙara mata allura kaɗan na ɗan lokaci, amma allura ba ta cire tsoro, wannan aikinmu ne a gida. Wannan karon Gwaggo ce ta juyo ta kalle ni, ni kuma na samu abin dubawa a jakata.

A hanyar dawowa, muna gab da shiga ƙofar gari, ta yi mini magana karon farko. Ta ce, "Malama, kin ci rabi, na ci rabi." Can kuma ta ƙara, "Rubutu dai za ta ci gaba da sha. Da ruwa zalla." Na ce na yarda.

Ban san yadda dabarar kitson ta zo mata ba, ba ta kuma taɓa kiranta dabara ba. Abin da na sani, da hadari ya sake haɗowa, yarinyar ta nufi ginshiƙi, sai muka ji muryar Gwaggo daga ɗaki: "Takwara! Zo nan. Dubi kanki kamar sheƙar kaza, za ki kunyata ni a unguwa. Ɗauko kibiya da mai." Kibiya ita ce ɗan tsinken ƙarfen da ake tsaga gashi da shi. Ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta kwantar da kanta a cinya, kunne ɗaya ya toshe da cinyar, ɗayan kuma hannun Gwaggo na kai da kawowa a kansa. Ta kafa mata doka guda: ba a ɗaga kai sai ruwa ya ɗauke, in aka motsa kitso ya karkace.

Tana kitson tana zuba surutu. Ba ta taɓa ambaton ruwa ko katanga ba. Labaran amaren da ta yi wa gara take ba ta: wadda danginta suka yi rowar mai har alkakin ya fito kamar itace, wadda uwar mijinta ta ɓoye nakiya a ƙarƙashin gado har ɓeraye suka tona mata asiri. Ni a lokacin ina can ina kwashe shanya, ina tara bokitai a bakin indararo, amma ta cikin ƙarar ruwa nakan jiyo dariyar 'yata. In ruwa ya ɗauke sai ta fito kai na ƙyalli da man kaɗanya, yau shuku, jibi kalaba. Maƙwabta har suna tsokana wai ko aure muke shirya mata.

A hankali lambar da ke fitowa bayan ruwa ta fara daidaita. Barci ya dawo, fitsarin kwance ya tafi, kafin kaka likitar ta mayar da allurar yadda take. Daminar bara ma haka aka yi ta, ko yayyafi aka fara yarinyar da kanta take ɗauko kibiya. Na taɓa tsokanar Gwaggo na ce kitsonta ya san sama, in ruwa gajere ne ya ƙare da wuri, in mai tsawo ne ya ja. Ta ce in je in ji da allina.

Ranar da ta rasu, ruwan farko mai ƙarfi na bana ne. Ya sauko bayan azahar. Na ji ta kira Takwara kamar kullum, na ji an saki labule, na shiga hidimar bokitai. Ruwan ya daɗe ƙwarai. Da ya tsagaita na lura ban jiyo dariya ba, sai na je na ɗaga labulen.

Gwaggo tana jingine da bango, kanta ya sunkuya, yatsunta na cikin gashin yarinyar. Takwara tana kwance a cinyarta, idanunta a buɗe, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ta ce, "Umma, ruwa ya ɗauke?"

Na ce, "Ya ɗauke."

Ta ce, "To Gwaggo ta yi barci tun ɗazu. Ban motsa ba."

Na taɓa hannun. Ba zan iya rubuta abin da na ji ba. Ni na zare yatsun daga gashin ɗaya bayan ɗaya, kuma ko a lokacin ina jiran ta buɗe ido ta ce na ɓata mata aiki. Sai daga baya yarinyar ta gaya mini ta san ba barci ba ne. Ta ce hannun ya tsaya a tsakiyar labari, ya yi nauyi, sannan cinyar ta fara sanyi, ga tsawa ana ta yi. Na ce don me ba ki kira ni ba? Ta ce, "Ai ta ce ba a ɗaga kai." Matan da suka yi wa Gwaggo wanka sun kawo mini dabinon da suka kwance daga bakin zanenta.

Kwanakin zaman makoki sun yi wa yarinyar nan illa, kuma ba da mugun nufi ba. Ba a ɗora tukunya a gidan ba, maƙwabta ke aiko abinci, wani da wuri wani a makare, ga waina ga gumbar sadaka na yawo hannu zuwa hannu. Lokutan cin abincinta suka wargaje, ita ma ba ta son ci. Duk matar da ta shigo sai ta rungume ta ta fashe da kuka, sannan ta juya ta ba ta kusa da ita labarin yadda abin ya faru, a gaban yarinyar. Na yi ta korar mutane daga kanta har aka fara cewa ba ni da kara. Yayata ta zo daga Gyallesu, gwanar kitso ce, ta lallaɓa ta ce bari ta ƙarasa mata. Takwara ta ƙwalla ƙarar da ta sa maza suka leƙo daga zaure. Lambar kuwa kullum tana sama, leɓunanta sun bushe, ta koma shan ruwa kamar farkon ciwon. Na haɗa kayan asibiti a jaka na ajiye bayan ƙofa.

Bayan an yi sadakar bakwai baƙi sun watse, da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi. Maigidana ya fito da makullin mota a hannu yana dubana, ni ina duban yarinyar. Ta kama ginshiƙin rumfa, jikinta na ɓari kamar ranar katanga. Na ce a raina shi ke nan, yau a asibiti za mu kwana.

Sai ta saki ginshiƙin. Ta shiga ɗakin Gwaggo, wanda ba ta taka ba tun ranar, ta tsaya daga ciki ta kira ni. Kibiya da gwangwanin mai na hannunta.

Na ce, "Takwara, kin san ban iya ba."

Ta ce, "Na sani. Gwaggo ta ce akuya ta fi ki."

Na zauna inda Gwaggo ke zama, na jingina da bangon. Ta kwantar da kai a cinyata, ta ce kada in taɓa ɓangaren Gwaggo. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na tsaga gashin a karkace, na kama kitsawa, wani ya yi kauri wani siriri. Ina jin bugun zuciyarta a ƙafata. Da yake rabin kai ne, kuma aikin nawa na ganin dama ne, nan da nan na kai ƙarshe, ruwa kuwa ko alamar tsayawa babu. Na sauke hannu na ce na gama.

Jikinta ya sandare. Ta ƙanƙame zanena ta ce, "Umma, kada hannunki ya tsaya."

Na ce, "Ai na gama ne, Takwara. Ina nan, ba abin da ya same ni."

Ta ce, "Gwaggo ba ta gamawa. In ta kai ƙarshe sai ta warware ta sake. Tana tsammanin ban sani ba."

Damina biyu tsohuwar nan tana kitsawa tana tsefewa da yatsun da suka kumbura da sanyi, ni ina waje ina tsokanarta. Na sa kibiya na warware abin da na yi, na sake daga farko. Hawaye na ɗiga a gashin, ina shafe shi da man. Na rasa labarin da zan ba ta, sai na kama na matar da ta ɓoye nakiya, ina ɓatawa tana gyara mini. A karo na nawa ban sani ba, na ji kafaɗunta sun saki, numfashinta ya daidaita. Ban tsayar da hannuna ba sai da indararo ya daina zuba.

Kafin magariba na gwada jinin. Lambar ba ta yi kyau ba, amma tun rasuwar ba mu ga ƙasa da ita ba. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Maigidana ya mayar da makulli aljihu, jakar asibitin dai na bar ta a bayan ƙofa, don damina da saura.

Rabin Gwaggo yana nan a kan yarinyar, ya fara tsufa yana sakin gashi, amma har yanzu ya fi nawa kyau. Ta ce sai kaka za a tsefe shi. Ya Allah, hannun nan bai tsaya ba sai da Kai Ka tsayar da shi. Ka hutar da shi, Ka yafe mata zumarta da faɗanta, Ka sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya zuciyar takwararta. Ni kuma da ta bar wa kibiya, Ka ba ni ƙarfin yatsu har ruwa ya ɗauke.